Biy tara da na goge wa mahaifina

Shekarun baya, lokacin da turis, baƙi masu yawon buɗe ido, ke cika Agadez har ka rasa inda za ka jingine moto a bakin babban masallaci, ina aiki a butik ɗin wani abokina maƙerin azurfa. Shi ke narkawa, shi ke zubawa, shi ke zane. Ni kuwa aikina gogewa ne. Duk abin da ya fito daga hannunsa, zobe ne ko 'yan kunne ko abin wuya, sai ya biyo ta injina kafin ya shiga akwatin madubin da muke jera kaya. Kuma ina ji da aikin nan ba kaɗan ba. In na ga ƙarzuwa a jikin abu, ko ba nawa ba ne, sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. Matata ta sha cewa da za a bar ni da tukunyar tuwonta, sai na goge ta har ta huje. Na fara da wannan ne don ku san irin mutumin da ke ba ku labari.

Mahaifina ɗan kasuwa ne. Ya yi shekaru yana sayar da shayi da sukari da yadi, har ganinsa ya fara raguwa. Muka kai shi likita, aka duba, aka ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce. A hankali ya koma zaman zaure, har ya zama ko hasken rana sai dai ya ji zafinsa. Bai zama mai ƙorafi ba. Yana da rediyonsa, yana da carbinsa, tsofaffin abokansa na zuwa shan shayi bayan la'asar. Sannan yana da wata 'yar jakar fata wadda a da ja ce, amma tsufa da maiƙon hannu sun mai da ita baƙa, kuma ba ta barin ƙarƙashin matashinsa. A cikinta akwai biy tara, ƙananan ƙwallayen kwalbar nan da yara ke harbawa cikin rami.

Kakana ne ya kawo su daga Kano tun mahaifina yana ƙarami, cikin wani ɗan kwali mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa a unguwar. Ya raba wa 'ya'yansa maza biyu: biyar ga mahaifina don shi ne babba, huɗu ga ƙanensa. Matsalar ita ce duka taran iri ɗaya ne, shuɗɗa masu farin zare a murɗe a ciki. Kullum sai an yi faɗa, wannan ya ce tashi ce, wancan ya ce ƙarya ne. Daga baya suka lura kowace ɗaya tana da wani ɗan tabo a jikinta, kuma babu biyu da tabonsu ya zo ɗaya. Suka sa masa suna cibiya. Suka haddace cibiyoyin tsaf, faɗa ya ƙare.

Ƙanen nan nasa ban taɓa ganinsa ba. Ya girma ya zama direban kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Dirkou. A wata tafiya ciwo ya kama shi, ya cika a hanya, abokan tafiyarsa suka rufe shi a Séguédine, wani ƙauye can gaba da Dirkou. Bai bar hoto ba, bai bar ɗa ba, kuma mahaifina bai taɓa samun zuwa ya tsaya a kan kabarinsa ba. Da aka kawo kayansa gida, bargo ne da buta da butar shayi, sai wani ƙyalle a ƙulle. Da aka kwance, sai ga biy huɗun nan. Ƙato da gemunsa, ashe yana yawo da su cikin sahara. Mahaifina ya haɗa su da nasa biyar ya ajiye.

Bayan ganinsa ya tafi ne ya riƙa fito da su kusan kullum. Zai zazzage su a tafin hannunsa na hagu, ya ɗauki ɗaya, ya juya ta da babban yatsa har ya samu cibiyar, sannan ya ajiye ta ko dai a dama ko a hagu. Biyar nan, huɗu can. Wani lokaci ya daɗe riƙe da ɗaya daga cikin huɗun yana murmushi. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarinsu. Ni ma na ji, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na tabbata ya faɗi maganar cibiyar nan a gabana. Amma ina cewa "to, Baba" ne kawai, hankalina na can kan zoben da na bari a butik. Abin da ya zauna a kaina shi ne Kano da kwali da ƙanensa. Sauran ya bi ta kunne ya fita.

A wurinmu, in Sallah ta matso, mata kan kwaso azurfarsu su kawo a wanke a goge. Makon nan ba ma hutawa. Munduwar da ta yi shekara tana shan hayaƙin murhu za ta zo baƙa ƙirin, ta koma gida tana ɗaukar ido, mai ita tana sa mana albarka. Cikin irin makon nan ne na shiga zaure da hantsi na tarar da mahaifina da biy ɗinsa a hannu, rana ta faɗo a kansu ta ƙofa. A karo na farko na dube su da idon mai sana'a. Sun dushe, duk jikinsu ƙarzuwa, kuma kowace tana da wani gurɓi mai kaushi, abin da a wurina aibi ne tsantsa. Sai na ji kunya ta kama ni. Na ce a raina, ni ke goge kayan rabin gari, amma ubana na riƙe da wannan abu kamar marar ɗa.

Kwana biyu bayan haka aka tafi da shi Dabaga gaisuwar rasuwar wani tsohon abokinsa mai garka, za su kwana biyu. Don gudun kada ta ɓace a mota, ya bar jakar a hannun mahaifiyata. Na je na ce ta ba ni. Ta ce me zan yi da ita. Na ce kado zan yi masa, wato kyautar Sallah. Ta tsaya tana dubana, ta ce in bari ya dawo in tambaye shi tukuna. Na ce ai in aka tambaya ba kado ba ne kuma. Na yi ta zuba mata bayani irin na wanda ya san aikinsa, har ta gaji ta miƙo mini, ta ce ita dai ba ruwanta.

Abokina da ya ga abin da na zazzage a kan tabur, cewa ya yi in yi hankali, kwalba ba azurfa ba ce, zafi na iya fasa ta. Wannan kawai ya dame shi, kuma ni ma shi kaɗai ya dame ni. Na bi su a hankali da dutse da ruwa, sannan takardar gogewa mai laushi, sannan ƙyalle da mai. Ƙarzuwar jiki ba ta ba ni wahala ba. Cibiyoyin ne suka ci mini lokaci. Akwai wata mai tsaga doguwa mai zurfi wadda na yi kusan rabin yini a kanta, ina gogewa ina zagin wanda ya ƙera ta, ina cewa wannan aikin ganin dama ne. Ko ɗaya ba ta fashe ba, kuma na yi ta yabon kaina a kan haka. Da na gama na jera su a kan farin ƙyalle, suna walƙiya kamar yanzu aka tsamo su daga ruwa. Har sabuwar jaka na sa wata mai dukanci ta ɗinka musu, mai ado kore da ja.

Da mahaifina ya dawo ya nemi jakarsa, mahaifiyata ta ce tana wurina, in an sauko daga idi zan kawo. Haka aka yi. Ranar Sallah na shiga zaure da sabuwar rigata, na durƙusa, na yi masa barka da Sallah, na sa jakar a hannunsa. Ya shafa ta, ya ce wannan sabuwa ce. Na ce e, ya buɗe ya ji na ciki. Ya zazzage su a tafinsa kamar kullum, ya ɗauki ɗaya. Ina kallon yatsansa yana juya ta. Ya juya, ya juya, ya sake juyawa. Ya ajiye ta a tsakiya, ba dama ba, ba hagu ba. Ya ɗauki ta biyu. Haka ya bi taran duka, sannan ya koma ta farko ya sake somawa. Ni ina nan durƙushe da murmushina, ina jiran yabo.

"Waɗanga ba nawa ba ne," in ji shi.

"Naka ne, Baba. Goge maka su na yi."

Sai ya ce, "Ina cibiyar?"

Na fara bayani cewa tabon nan ai lalacewa ce, na sha wahala kafin in fitar da shi. Ban kai ƙarshen maganar ba na tsaya, don a lokacin ne abin da ya sha faɗa ya dawo mini gaba ɗaya. Ya miƙo mini tafin hannunsa da biy ɗin a ciki.

"To kai da ke gani, zaɓo mini na ƙanena."

Na duba. Shuɗɗa tara masu farin zare, kowace sak 'yar'uwarta.  Ya mai da su jaka ɗaya bayan ɗaya, ya ja igiyar, ya ce, "Allah shi yi maka albarka. Ka sha aiki." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Mahaifiyata tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida da kwanon nama a hannu. Ta ajiye kwanon ta juya ta koma ciki.

Washegari ya aiko a ce in mai da masa tsohuwar jakarsa. Allah ya sa ban jefar ba. Ya karɓe ta babu komai a ciki ya sa a ƙarƙashin matashinsa, sabuwar kuma da biy ɗin ya ce a ba ni. Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara yi fushi ne. Na je gida ina gaya wa matata cewa tsofaffi ba a iya musu, ka yi musu alheri su mai da shi laifi. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni ko shi ya ce in goge. Ban ci tuwon ranar da daɗi ba. Na san kunya ce ke cina, na yafa mata rigar fushi. Bayan la'asar kuma in na wuce ta zaure, sai in ga hannunsa na hagu a buɗe a kan gwiwarsa, babu komai a ciki, in sunkuyar da kai in wuce.

Biy ɗin na zuba su a wata 'yar tasa na ajiye a lungun akwatin madubi a butik, don ba na son ganinsu a gida. Suna nan har lokacin sanyi ya shigo, turis suka dawo. Wata rana wani mai yi musu jagora ya kawo mana wani dattijon nasara, Bafaranshe, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Abokan tafiyarsa na ta gwada zobba, shi kuwa ya tsaya a kan tasar nan. Ya ce in fito masa da ita. Ya ciro wani ɗan madubin ƙara girma daga aljihu, ya riƙa duba su a bakin ƙofa inda haske yake. Ya ce shi tun yana yaro yake tara biy, kuma akwai irinsa da yawa a duniya, manya da furfurarsu, suna musaya suna gardama a kansu. Na yi dariya a raina, na ce ashe ba ubana kaɗai ba ne.

Ya ce yana zaton ƙirar ƙasar Japon ne, kuma na farko-farko. Daga nan ya shiga ba ni tarihi, ni kuma da ɗan Faransancina ina bi. Ya ce a can ƙasar an san ƙwallon kwalba a matsayin marfin wata kwalbar lemo, wadda ake toshe wuyanta da shi daga ciki, yara kuma suka riƙa nemansa don wasa. Sai ƙananan masana'antu, da yawansu a wajajen Osaka, suka shiga yin na wasa musamman, suna cika kwalaye suna aikawa ƙasashe ta jirgin ruwa. A wancan zamanin, in ji shi, mutum ne ke tsoma sandar ƙarfe cikin narkakkiyar kwalba ya ɗebo, a datse da almakashi, sannan curin ya faɗa cikin abin da ke mulmula shi. Inda almakashin ya datse, nan tabo ke zama, kuma kowane yanka da yadda yake fita. Daga baya ne injin da ke yin komai da kansa ya zo, aka shiga yin masu ganye-ganyen launi a tsakiya kamar idon kyanwa, irin waɗanda mu muka taso muna wasa da su. Masu tarawa, in suka ɗauki tsohuwar biy, tabon nan suke fara nema, don shi ke nuna cewa hannun mutum ya taɓa ta tana da zafi.

Sai ya ce launin da murɗin zaren duk sun yi kama da na wancan zamanin, amma ba zai iya rantsewa ba, don wani ya share shaidar. Ya tambaye ni wa ya goge su. Na ce haka na same su. Ya sake dubawa, ya girgiza kai, ya ce ko wane ne, gwani ne, bai bar ko alama ba. Ban taɓa jin an yabi aikina na ji kamar ƙasa ta tsage in shige ba sai ranar. Abokina yana bayan tabur yana jinmu, ya ƙi ɗago kai. Na ce wa dattijon, mushe, ranka ya daɗe, ni ne, kuma na ubana ne. Na ba shi labarin a taƙaice. Ya mai da madubinsa aljihu, ya ajiye tasar a hankali, ya dafa kafaɗata. 

Ranar ban jira an rufe butik ba. Na je na zauna a tabarmar mahaifina, na ce yau ni zan ba shi labarin biy. Na faɗa masa Japon, da kwalbar lemo, da sandar ƙarfe, da almakashi. Ya karkato kai yana saurare kamar yadda yake yi wa rediyo. Da na zo kan almakashi sai ya yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce ashe yanke su aka yi. Ya ce ƙanensa cewa yake yi haifarsu ake yi, shi ya sa suke da cibiya, kuma sun taɓa kokawa a kan wannan magana har kakata ta raba su da muciya. Daga nan ya shiga lissafa mini huɗun. Ɗaya zagaye ce mai ɗan tudu a tsakiya. Ɗaya kamar jinjirin wata. Ɗaya layi biyu ne a jere. Ta huɗun tsaga ce doguwa mai zurfi, ita ce ƙanensa ya fi so, da ita yake cinye yaran unguwa. Na gane ta nan take. Ita ce na yi rabin yini ina zagin mai ita.

Da a ce ni mai hankali ne, da na tsaya nan. Amma dabara ta biyu ta zo mini. Na ce tun da na iya cirewa, ai zan iya mayarwa. Na ɗauki ɗaya daga tasar, wadda hannuna ya faɗa a kai kawai, na sa siririn magagari na yi mata tsaga doguwa yadda ya kwatanta. Na kai masa na sa a tafinsa. Yatsansa ya juya ta sau ɗaya ya tsaya. Ya daɗe a wurin.

"Wagga taka ce," in ji shi. "Tashi ta hi zurhi, kuma ba ta da kaihi." Sannan ya ce, "Bar sauran haka nan. Kada ka ƙara taɓa su."

Na ce to, Baba. Wannan karon na ji abin da ya ce. Bai mai do mini da ita ba, ni kuma ban tambaya ba.

Damina biyu bayan haka Allah ya karɓi abinsa. Da mahaifiyata ta zo kintsa shimfiɗarsa, ta ɗaga matashi ta ga tsohuwar jakar, ta kira ni ta miƙa mini. Biy ɗaya ce a ciki, wadda na yi wa tsaga. Na sa yatsa a wurin, na ji kaifin ya tafi, bakin tsagar ya yi laushi. Kwalba ba ta cinyewa da sauri haka, na fi kowa sani, don haka wataƙila zuciyata ce kawai ta so ta ji hakan. Amma maiƙon hannunsa na nan a jikinta, ta dushe kamar yadda taran suke a da.

Har yau ban san me ya sa ya riƙe ta ba. Wani lokaci ina gaya wa kaina cewa yafiya ce. Wani lokaci kuma in ce a'a, ita kaɗai ce ta rage wadda yatsansa zai iya ganewa, sai ya haƙura da ita. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, bai taɓa canja mini fuska ba, kuma na san ya tafi yana sa mini albarka. Duk da haka abin yana cina. Ban yi don mugunta ba, don ƙauna na yi, amma ƙaunar da ba ta tsaya ta saurara ba. Mutumin nan ya rasa idonsa, ya rasa kasuwarsa, abu ɗaya ya rage masa da yake gane ƙanensa da shi, ni kuma na zauna kwana biyu da ƙwarewata na share shi.

Ina nan ina gogewa har yanzu, ko da yake turis sun yi ƙaranci. Abin da ya canja shi ne, in tsohuwa ta kawo mini munduwar uwarta, sai na tambaye ta wace ƙarzuwa zan bari. Wasu su yi mini dariya, su ce duka zan cire mana. Wasu kuma su karɓi abinsu su juya shi, su nuna mini wani ɗan lotso, su ce ban da wannan.

Sauran takwas ɗin suna gidana cikin jakar nan mai ado kore da ja. A cikinsu akwai na ubana, akwai na ƙanensa, kuma babu wani mai rai da zai iya raba su. Wasu ranaku bayan la'asar nakan zazzage su a tafin hannuna na hagu, in rufe ido, in bi su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa na bar wani ɗan kaushi a wani wuri. Ban taɓa samu ba. Sumul suke, duka takwas ɗin. Na iya aikina.